Mako na tara: na sake yanke gindin giyabos

'Yan uwa masu koyo irina, ga inda aka kwana a aikin tsohuwar akori-kurar nan da nake dasa wa injin 1UZ, wato V8 mai silinda takwas da lita 4 da ya fara fitowa a Lexus LS400 a 1989.

Ƙafafun injin ba su ba ni wahala ba. Na rataye shi da sarƙa, na saita shi tsakiyar shasi, na bar tazarar yatsa biyu tsakanin kaskon mai da ƙarfen da ya gitta a ƙasa. Na yanka kwali har ya zauna daidai, sannan na fitar da siffarsa a falan ƙarfe mai kaurin milimita 6. Kafin walda na cire kan batir da kwamfutar inji, na kuma zare robobin ƙafafun, don zafi yana cinye su.

A giyabos ne na yi wauta. Samansa yana taɓa ƙasan gidan mota, ni kuwa ina ƙyashin taɓa bodi, sai na sauke gindinsa har ya daina gugar, na bi shi da walda tsaf. Walda ta yi kyau, har hoto na ɗauka. Ranar gwaji kuwa, da na kai kilomita 80 a awa sai kujera ta fara kaɗawa, madubin ciki ya dishe, wani gurnani yana tasowa daga ƙarƙashi. Na zargi tayoyi, na kai aka daidaita su. Shiru kake ji.

Sai da na ɗora waya mai manhajar auna karkata a fuskar bayan giyabos na ga gaskiya: ya sunkuya baya digiri 6, alhali bakin aksul na baya yana kallon sama da digiri 3 kawai. Abin da ban sani ba shi ne, farfela, wato sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksul, tana da gaɓa a gaba da baya, kuma gaɓar ba ta juyawa da gudu ɗaya muddin a karkace take. A kowane zagaye tana ƙara sauri ta rage sau biyu. Gaɓar baya ce ke goge wannan tangaɗin, amma sai karkatarta ta yi daidai da ta gaba. Shi ya sa ake son layin giyabos da na aksul su tafi kafaɗa da kafaɗa, bambancinsu kada ya wuce digiri 1, kowace gaɓa kuma ta yi aiki tsakanin digiri 1 zuwa 3. Miƙewa sambal ma ba a so, don ƙananan alluran cikin gaɓar suna bukatar motsi kafin giris ya zagaya su.

Daga ƙafafun inji zuwa gindin giyabos santimita 75 ne a tawa motar, don haka gyaran digiri 3 ya ci ɗagawar kusan santimita 4. Bodin da na yi ta lallaɓawa dai sai da ya sha guduma. Wannan karon ɗigon walda huɗu kawai na yi, na sauke motar a kan tayoyinta, na sake aunawa. Awon da aka yi mota na kan jak, aksul yana reto, ba abin dogaro ba ne.

Wani ya ba ni shawarar in ɗaure giyabos ƙarfe da ƙarfe, ba roba. Ban ɗauka ba. Idan ƙafafun inji na roba ne, injin yana murɗawa duk sanda aka taka totur, kuma in gindin giyabos ya ƙi bin sa, kwanson giyabos na alminiyam ne zai tsage. Roba na sa duka uku.

Jiya na fita har kilomita 110, madubi tar. Sai dai ɗaga giyabos ya matso da salansar hagu kusa da sandar sitiyari, takardar kwali ma da ƙyar take wucewa. Salansar zan lanƙwasa ranar Asabar.