Mako na bakwai: na rushe ɗan jaridana, na sake gina shi

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon rubutun wasan kwaikwayo. Makon jiya na yi muku alkawarin kammala kashi na ɗaya. Ban kammala ba, baya ma na koma. Shafi 24 ne a hannuna, yanzu saura 15. Tunda shafi guda kusan minti ɗaya ne a allo, kun ga minti tara na zubar da hannuna.

Ga sababbin zuwa, labarina na wani wakilin gidan rediyo ne da rahotonsa ya kassara wani mai kemis, bayan yaro ya rasu aka ce maganinsa ne sanadi. A rubutun farko na sa ya karɓi na goro a ambulan, ya shiga situdiyo ya shirga ƙarya. Na karanta wa ƙanwata da daddare, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Yaya, ai tun fitowa ta biyu na san mugu ne. Me kuma zan jira?" Raina ya sosu, amma gaskiyarta.

Abin da ya kwance mini ƙullin shi ne sake kallon Pinocchio, wasan Koriya ta Kudu mai kashi 20 da tashar SBS ta nuna daga Nuwamba 2014 zuwa Janairu 2015. Wannan karon da biro da littafi na zauna. Marubuciyar, Park Hye-ryun, ta ƙirƙiro wata larura: mai ita da ya yi ƙarya sai shaƙuwa ta kama shi. A asibiti babu wannan cuta, ta cikin wasa ce kawai. A da na ɗauka don jarumar aka kawo dabarar, wato 'yar jaridar da ba ta iya ƙarya ba. Ashe babban aikinta yana can farkon labari. Gobara ta tashi a wata masana'anta, 'yan kwana-kwana suka mutu, ba a ga gawar shugabansu ba. Sai wani mai wannan larura ya ce ya gan shi da ransa. Bai yi shaƙuwa ba, domin har zuciyarsa ya yarda shi ɗin ya gani, alhali kuskure ya yi. 'Yan jarida suka ce ai wannan ba ya ƙarya, suka ɗauka shugaban tserewa ya yi ya ɓuya, suka yi wa iyalinsa caa da kyamarori. Matarsa ta halaka kanta, 'ya'yansa biyu suka rabu, sai bayan shekara 13 aka gano ƙasusuwansa.

Nan na ajiye biro na yi shiru. Mai shaidar bai yi ƙarya ba, amma gida ya tarwatse.

Sai na cire ambulan gaba ɗaya. Yanzu majiyar wakilina ladanin unguwa ne, dattijon da ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, kuma da gaske ya ga uwar yaron ta fito daga kemis da leda a hannu. Abin da ke cikin ledar ne ba wanda ya tambaya. Saura minti ashirin labaran yamma, wakilin ya kira mai kemis sau ɗaya tak, ba a ɗaga ba, ya rubuta "duk ƙoƙarin jin ta bakinsa ya ci tura". Ya kuma saka "ana zargin" don ya wanke kansa. Fitowar da na fi alfahari da ita ita ce ta teburin mai shayi: rediyo ya ce "ana zargin", na kusa ya maimaita wa na nesa ba tare da ita ba, kafin a shanye kofi mai kemis ya zama mai kisa.

Af, na goge "ƙarya fure take ba ta 'ya'ya" daga bakin edita. Kusan duk wasan da ya taɓo ƙarya sai an cusa ta, kuma a nawa ai ta yi 'ya'yan.

Inda na maƙale shi ne fitowa ta tara, ranar da wakilin zai gane abin da ya aikata. Sau uku ina rubutawa, kullum sai ya ɓuge da wa'azi. Ina tunanin in hana shi magana sam, ya wuce ta gaban kemis ɗin a babur ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Wanda ya taɓa rubuta fitowa marar magana a cikinku, don Allah ya nuna mini yadda ake tsara ta a takarda kafin Asabar.