Tarihin Rayuwata, Kashi na 4: Faifan da Ya Sauka a Kan Kuka

A makon jiya na tsaya a inda Baba ya sayar da ɗan maraƙinsa ya sayo rediyo mai batir huɗu, har Inna ta yi kwana uku tana ajiye masa tuwo ba magana. Yau zan faɗi yadda aka yi na samu sunan Ɗan-sama-jannati, sunan da har gobe tsofaffin garinmu ba su san ni da wani ba, duk da furfurar da ta cika mini gemu.

Ina da shekara takwas. Ranar wata Lahadi ce cikin bazara, da la'asar, ina bayan gari ina kakkaɓo wa awakin Inna 'ya'yan gawo. Sama tas take, ko ɗigon gajimare babu. Sai kawai na ji dum! dum! kamar an buga tambari a cikin rijiya, sannan wani gurnani ya biyo baya yana mirginawa har ya ɓace. Awaki suka watse, ni ma na watse. Sai da na shiga zaure na lura takalmina ƙafa ɗaya ya rage a gindin gawon.

Kafin isha'i labari ya iso daga wajen Kabo cewa duwatsu sun faɗo daga sama cikin gonaki. Ƙauyenmu a ƙasar Gwarzo yake, ba mu da nisa da wurin. Sai bayan shekaru masu yawa na ga abin a rubuce: ranar 25 ga Afrilu, 1971, kuma jimillar abin da aka tsinta ta haura kilo 13. Har yau masana da sunan Kabo suke kiran dutsen, domin al'adarsu ce duk dutsen da ya faɗo su laƙaba masa sunan garin da ya fi kusa da shi.

A daren nan ba a yi hirar komai a ƙofar gidanmu ba sai wannan. Kaka, daga cikin soro, ta ce gatarin aradu ne, kuma duk wanda ya taɓa shi ba a zuba nono ba, ya kuka da kansa. Kawu, wanda bai daɗe da dawowa daga yaƙin basasa ba, ya yi dariya ya ce, "Haba Iya, aradu ba hadari? Wannan ƙarar igwa ce, ni na san ta." Malaminmu na allo ya gyara zama ya ce abin nan ne da ake jifan shaiɗanu da shi idan sun hau satar jin maganar sama.

Ni kuwa bakina bai iya shiru ba. Na ce, "Allah gafarta Malam, ashe da rana tsaka ma suna zuwa satar ji?"

Ranƙwashin da Baba ya sauke mini a ka, har yau idan na tuna sai na shafa wurin. Amma Malam ya ce, "Ƙyale yaro, tambaya rabin ilimi ce." Ya jawo ni kusa, ya karanta mini aya ta 29 a cikin Suratus Shura, wadda take cewa daga cikin ayoyin Allah akwai halittar sammai da ƙasa da abin da Ya watsa a cikinsu na masu motsi. Malaman tafsiri sun yi bayanai a kan ayar, kuma ni ba sa'ansu ba ne. Abin da kunnen yaro ya ɗauka kawai shi ne: ashe a can sama ma akwai masu motsi. Na kwanta rigingine a kan tabarma ina kallon Kaza da 'Ya'yanta, ina jiran in ga wani ya motsa.

Bayan kwana biyu Kawu ya goya ni a kekensa muka je. Rami kawai muka tarar, an riga an kai wa hukuma dutsen. Amma wani mutum yana da ɗan ɓalli, bai fi rabin goro ba, ya ƙulle a bakin zani, kwabo ɗaya kake ba shi ka riƙe. Kawu ya biya mini. Bayansa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, cikinsa toka-toka, ga nauyin da ya fi girmansa. Na shinshina, na ɗan lasa a sace. Ɗanɗanon ƙasa ne kawai, sai na ji kamar an cuce ni kwabona.

Shekarun firamare ba su da wani labari a wannan fanni, bari in tsallake su. A 1977 na shiga kwalejin horon malamai. A ɗakin karatun makarantar akwai tarin tsofaffin mujallun Turawa da gara ta fara ci, kuma a cikin ɗaya na ga zanen wani abu zagayayye yana shawagi a kan gona, mutane suna gudu. Na kai wa malaminmu na kimiyya, wani Ba'indiye mai haƙuri. Shi ya ba ni labarin Kenneth Arnold, matuƙin ƙaramin jirgi a Amurka, wanda ranar 24 ga Yuni, 1947 ya ce ya ga abubuwa tara masu ƙyalli suna gudu a jere kusa da Dutsen Rainier. Arnold ya kwatanta tafiyarsu da ta ɗan farantin shayi idan aka wurga shi a kan ruwa yana tsalle, irin yadda muke yi da tsingaro a kududdufi. Tafiyar ya kwatanta, amma 'yan jarida suka ɗauki farantin suka yi suna da shi. Makonni kaɗan bayan haka sai ga maganar Roswell, wani gari a Amurka, inda sojoji suka fara cewa sun tsinci irin wannan abu, sannan suka janye suka ce balan-balan ce ta auna yanayi.

Mu a gidanmu ba a shan shayi da faranti. Da na zo fassara wa abokaina sai na ce faifai mai tashi, domin faifan da Inna take rufe ƙwarya da shi ne ya fi kama da zanen. Na yanke shafin na ɓoye a cikin akwatina. Wannan sata ce, kuma ina neman gafarar Allah a kanta.

To, yanzu ga inda na kwafsa.

A 1979 rediyon Baba ba shi da zance sai na Skylab, tashar binciken da Amurka ta harba sama a 1973, mai nauyin tan saba'in da wani abu. An ce tana gangarowa, za ta faɗo, kuma su kansu masu ita ba su san inda za ta sauka ba. Kowa a garinmu ya tabbata a kan ɗakinsa za ta faɗo. Na dawo hutu cikin zafin bazara, na zama malamin kowa: da rana in yi bayanin Skylab a gindin dalbejiya, da dare in ƙara da faifai mai tashi, ina haɗa na gaskiya da na mujalla ba tare da na rarrabe ba.

Wani dare babu wata, zafi ya hana kowa kwana a ɗaki. Wajen ƙarfe biyu na farka, na ɗaga kai ta gabas, wajen fadama. Sai ga wani haske ja-ja a sama, ya fi tauraro girma, ya fi Gamzaki ja. Ya tsaya cak. Ya matsa hagu. Ya dushe, ya sake kamawa, har da wasu ƙananan tartsatsi suna zubowa daga jikinsa. Jirgin da zai sauka Kano ba ya tsayawa wuri ɗaya, wannan na sani. Jikina ya ɗauki rawa. Shekara takwas ina jiran wannan dare.

Da na yi hankali da na tashi Kawu shi kaɗai. Maimakon haka sai na fita ina kururuwa, "Sun zo! Jama'a ku fito, sun sauka!" Mata suka fara salati, jarirai suka ɗauka, wani ya hau kiran salla. Cikin ɗan lokaci mun fi mutum talatin, da sanduna da fitilun ƙwai, Kawu a gaba da adda, ni a gefensa ina nuna hanya kamar na san baƙin.

Muna matsawa hasken yana ƙara girma, har muka iso gindin babbar kukar nan ta bakin fadama. Kawu ya daka tsawa irin ta bariki: "Wane ne nan?"

Aka yi shiru. Sannan wata murya ta sauko daga sama, a gajiye: "Ni ne. Lafiya?"

Mai zuma ne, wani dattijo daga ƙauyen da ke gaba da mu. Ya hau cire zuma daga amyarsa, da damin kara mai wuta a hannu yana yi wa ƙudan hayaƙi, kamar yadda ake yi tun kaka da kakanni. Duhu ya haɗiye kukar, wutar kaɗai ake gani a rataye. Kafin a gama fahimta, wani yaro daga baya ya riga ya saki hoge. Ƙwaryar zuma ta suɓuce ta tarwatse a ƙasa, ƙudan zuma kuwa suka ce da wa Allah ya haɗa mu. Ban taɓa ganin dattawa sun yi gudu irin na daren nan ba. Baba ya kwana da ido ɗaya a kumbure, Liman ya yi sallar asuba da leɓe kamar an hura.

Da hantsi aka gurfanar da ni gaban mai unguwa. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, wallahi a littafi na gani." Ya ce, "To littafin ne zai biya zumar?" Baba ya biya naira biyu. Mai zuman bai ce mini uffan ba, ya dai dube ni tun daga sama har ƙasa, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Kafin azahar yara sun raɗa mini suna. Ita kuwa Skylab, sai ranar 11 ga Yuli ta faɗo, wani ɓangare a tekun Indiya, wani a yammacin Ostareliya, ko tsinke bai iso ƙasar Gwarzo ba.

Kunya ta sa na daina maganar a bainar jama'a, amma ban daina karatu ba. Daga baya na karanta cewa rundunar sojin saman Amurka ta yi shekaru tana tattara irin waɗannan rahotanni, har ta rufe aikin a 1969 da guda 12,618 a hannunta. Guda 701 ne kawai suka gagara bayani. Yawancin sauran taurari ne, da jirage, da balan-balan, da gajimare, wato dai masu zumarsu su ma. Wannan ya rage mini zafi ƙwarai. Amma fa ɗari bakwai da ɗayan nan ba su bar ni na yi barci ba, kuma a ganina mutumin da ya ce duk ƙarya ne ya yi gaggawa, daidai da gaggawar da na yi a gindin kuka.

Abin da ya fi ba ni haushin kaina sai da na manyanta na san shi. Ina can ina haddace sunayen garuruwan Amurka, ashe ranar 3 ga Oktoba, 1962, kafin a haife ni, wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo dab da wani manomi a gonarsa a Zagami, cikin ƙasar Katsina, nan maƙwabtanmu. Da masana suka bincika suka gano ɓallin duniyar Mars ne. Wani abu ne ya daki Mars da ƙarfi tun zamanin da ba a san adadinsa ba a ƙauye, ɓaraguzai suka fantsama, wannan ya yi ta gararamba har ya ƙare a gonar Bahaushe. Shaidar ita ce iskar da ta maƙale a cikin irin waɗannan duwatsu ta yi daidai da wadda na'urorin kumbon Viking na Amurka suka auna a Mars a 1976. Har ma an ɗauki ɗan ƙwarzane daga dutsen na Zagami an manna a jikin kumbon da aka harba zuwa Mars a 1996, kamar a ce an raka baƙo gida. Ranar da na karanta wannan sai na tuna ɓallin nan da na lasa a Kabo, na ce ashe ba a cuce ni kwabona ba. Da a ce Kaka tana raye, da na gaya mata gatarinta ya fi nisan da take zato.

Shafin mujallar yana nan a cikin akwatina, ya yi ja, gefensa ya zagwanye. Kukar ma tana nan, sai dai babu mai ɗora amya a kanta yanzu.

A 1986, shekarar da tauraruwa mai wutsiya ta Halley ta bayyana, na ga wata yarinya a kasuwa tana sayar da man shanu, na bi diddigi har na gano garinsu. Kawu ya saka babbar riga, muka ɗauki goro da alewa muka tafi gaisuwa. Muka yi sallama, aka ce mu shiga zaure. Mahaifinta ya fito yana gyara hula, ya dube ni tun daga sama har ƙasa, irin kallon da na taɓa gani sau ɗaya a gaban mai unguwa. Ya juya wajen Kawu ya ce, "Wannan ba shi ne mai baƙi daga sama ba?"

Yadda muka kwashe da shi, sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.