Wa'adin da na yi a bakin gadon asibiti

Ƙannena cikin Ubangiji, daren da ɗana na fari ya kwanta a asibiti numfashi na neman gagararsa, na durƙusa na ce wa Allah, in ya tashi yaron nan, zan riƙa ziyarar marasa lafiya kowane mako muddin raina. Babu wanda ya tilasta mini, bakina ne ya furta.

Yaro ya warke. Ranar Lahadi na miƙe a majami'a na ba da shaida, har na faɗi wa'adin a gaban jama'a. Dattawan ikilisiya suka ɗauki maganata da gaske, suka damƙa mini wani tsoho da ciwon ƙafa ya hana shi zuwa sujada. Na je sau biyu. Daga nan sai aiki ya yi yawa, sai gajiya, sai mako mai zuwa. Ko sau ɗaya ban taɓa cewa na fasa ba, shi ya sa zuciyata ba ta tsawata mini ba. Su kuma dattawa ba su tura wani ba, don a saninsu ina zuwa. Bayan wata 4 tsohon ya rasu. A wurin jana'iza matarsa ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗana, kullum yana cewa za ka zo."

Har yau maganar nan tana sukata.

Ku lura, jinkiri ne ya kashe wa'adina. A Littafi Mai Tsarki, Mai-Wa'azi sura 5, aya 4 da 5, ya ja kunne a kan wannan: in ka yi wa Allah wa'adi kada ka yi jinkirin cikawa, gara ma kada ka yi da ka yi ka kasa. Maimaitawar Shari'a 23:22 kuma ta nuna cewa wanda bai yi wa'adi ba, ba shi da zunubi. Ashe da na roƙi jinƙai kawai a daren nan, da ya isa. Allah ba ya sayar da warkarwa, ni ne tsoro ya sa na shiga ciniki da shi.

Saboda haka, in wuya ta kai muku iya wuya, ku yi addu'a, ku yi kuka, amma ku riƙe harshenku daga "muddin raina". In har za ku yi wa'adi, ku faɗi abin da za ku iya, ku sa masa ranar farawa. Hannatu, wadda ta yi wa'adin miƙa wa Allah ɗanta Sama'ila, ta san lokacin nata: da ta yaye shi ta kai shi Shilo wurin Eli firist. Kuma duk abin da kuka furta a gaban ikilisiya, ku sani wani zai jingina a kansa. Randa kuka ga kuna kasawa, ku gaya wa fasto ko wani dattijo a makon nan, don a sa wani a gurbinku. Kunyar furta kalma ɗaya ce ta sa na bar tsoho yana kallon ƙofa.

Na yi shekaru ina kauce wa zancen. Labarin Yakubu ne ya buɗe mini hanya. Ya yi wa'adi a Betel yana gudun ɗan'uwansa Isuwa, ya yi shekara 20 a gidan kawunsa Laban, ya dawo ma bai nufi Betel ba, sai da Allah ya ce masa a Farawa 35 ya tashi ya koma can ya gina bagade. Allah bai manta ba, bai kuma yashe shi ba.

Na je wurin fastonmu na zayyana masa kome, muka yi addu'ar tuba tare. Ya haɗa ni da wani ɗan'uwa don mu riƙa tafiya mu biyu, ya ce in ɗayanmu ya kasa, ya sanar tun da wuri. Gidan da muka fara zuwa na gwauruwar tsohon nan ne. Ta shimfiɗa mana wurin zama, ta ce in karanta mata Zabura 116.