Ranar da zoben makiyayi ya tona mini asiri a zaman karatu

Har yau idan na tuna zama na biyu da muka yi a kan littafin Jamhuriya na Aflatun, masanin falsafar nan na tsohuwar Girka, sai kunya ta sake lulluɓe ni, duk da cewa an yi watanni da kammala kwas ɗin. Mu goma sha biyu muka yi rajista, muna haɗuwa sau ɗaya a mako na tsawon awa biyu, kuma da yake littafin kashi goma ne, sai aka ba kowane kashi mako guda. Tun ranar farko malamar da ke jagorantar zaman ta shaida mana cewa ba lacca ta zo yi ba, nata shi ne ta jefa tambaya ɗaya, mu kuma mu nemo amsa daga cikin matanin, irin tsarin da kwalejin St. John's ta Amurka ta runguma tun 1937. Kunnena ya ji wannan bayani, amma bai kai zuciyata ba.

Da na ga kashi na biyu yana da nauyi, ga aiki ya sha mini kai, sai na ajiye matanin na koma ga taƙaitawa da sharhin da wasu suka rubuta. Na karanta har guda uku, na cika takarda da bayanai, na tafi ina jin na fi kowa shiri. Malama ta buɗe zaman da labarin makiyayin nan da ya tsinci zobe wanda idan ya juya kan zoben zuwa cikin tafin hannu sai ya ɓace wa idon jama'a, har ya kai ga kashe sarki ya haye gadon mulki. Ta tambaya dalilin da ya sa aka kawo labarin a daidai wannan wuri. Ban bari kowa ya riga ni ba, na ce Aflatun yana koya mana ne cewa babu mai yin adalci da son ransa, tsoron kamu ne kawai ke hana mutum zalunci, na yi ta zuba kusan minti biyar.

Da na yi shiru sai ta ce cikin natsuwa, "Malam, nuna mana inda ka ga haka, kuma daga bakin wa maganar ta fito?" Na shiga juya shafuka, littafin sabo fil, ko ɗigon fensir babu a jikinsa. Wata dattijuwa da ke gefena ta ce a duba 358c, kowa ya buɗe nan take ban da ni, domin ban ma san amfanin ƙananan lambobin da ke gefen shafi ba. Daga baya na gane cewa sun samo asali ne daga bugun littattafan Aflatun da aka yi a birnin Janiba a 1578, kuma su ne ke sa masu riƙe da fassara daban-daban su tsaya a kan layi ɗaya. Ta karanta wurin a fili, sai ga shi ashe Gilokon, ɗan'uwan Aflatun, shi ne mai ba da labarin, kuma ya faɗa ƙarara cewa wannan ba ra'ayinsa ba ne, yana ƙarfafa hujjar ce kawai domin ya ji yadda Sukurat, malamin Aflatun kuma babban mai magana a littafin, zai rushe ta. Wato abin da na ɗora wa marubucin shi ne ainihin abin da ya rubuta sauran littafin domin ya ƙaryata.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wani matashi da ke fuskantata ya riga ya rubuta maganata a littafinsa, na kuwa ga lokacin da ya ja layi ya soke ta. Mako uku na yi ina zuwa ina komawa ban ce uffan ba, kuma waɗannan zama uku asara ce da ba za ta dawo ba, tunda a irin wannan karatu wanda bai yi magana an mayar masa ba, rabin darasin ya wuce shi. Har yanzu ina jin haushin masu taƙaitawar nan da ke rubuta "Aflatun ya ce" ba tare da wata damuwa ba, alhali bai yi magana da bakinsa ko sau ɗaya a littafin ba. Amma ni na zaɓi na dogara da su, ba wanda ya tilasta mini.

Daga nan na sauya hanya. Ina karanta kashin mako sau biyu, na farko a guje, na biyu da fensir a hannu, ina rubuta sunan mai magana a gefen kowace hujja, ba na kuma taɓa sharhi sai bayan an tashi daga zama. Duk wanda ya nemi shawarata kafin ya yi rajista, ina ce masa ya tambayi yawan shafukan da ake karantawa a mako, idan ya san ba zai iya bin su sau biyu ba, gara ya jira wani zango da ya je da aron bakin wani.

A mako na goma, ina karatu cikin dare, na ci karo da 612b, inda Sukurat ya dawo kan zoben ya ce wajibi ne rai ya yi adalci, ko yana da zoben ko ba shi da shi. Babu wanda ya nuna mini wurin. Washegari na ɗaga hannu na faɗi lambar, na ji ƙarar shafuka goma sha ɗaya suna juyawa tare, dattijuwar nan kuma ta ɗauki fensirinta ta yi alama a gefen nata littafin.