Yadda muka zana rikici a littafin yara

Ni na rubuta labarin, wata mai zane ta yi hotunan. Labarin wata yarinya ce 'yar shekara 6 da rikici ya ɓarke a unguwarsu, aka sa dokar hana fita, gari na wayewa ta tarar maƙwabtansu sun kwashe kaya sun tafi. Irin wannan littafi galibi shafi 32 ne, don haka babu wurin dogon bayani kan wanda ya fara tsokana.

Gardamarmu ta farko a kan dabbobi ce. Mai zanen ta so mu fake da su, kamar yadda marubuta da yawa ke yi. Na ƙi. In ka sa kura da akuya faɗa, yaro ya riga ya yanke hukunci tun kafin a buɗe shafi na biyu, kuma zai ɗauka gabar a jini take. Alhali masu rikicin nan jiya tare suke hira a ƙofar gida. Sai muka zana mutane, amma ba mu bambanta ɓangarorin da sutura ko kamanni ba. Masu tarzomar inuwa ce kawai a jikin bango.

Abin da ya fi amfanar mu shi ne tsayar da kowane hoto daidai tsawon yarinyar: ƙafafun manya suna kai da kawo, hannun uwa a kan sakata, hayaƙi ta saman labule. Rubutun bai ambaci wuta ko sau ɗaya ba. Wannan dabara ba tamu ba ce. A littafin yara Smoky Night na Eve Bunting, wanda ya fito a 1994 bayan tarzomar Los Angeles ta 1992, ta taga yaron ke kallon masu wawushe shaguna, kuma zanen da David Diaz ya yi wa littafin ya ci lambar Caldecott, wadda ake bayarwa a Amurka don zanen littattafan yara, a 1995.

Da muka karanta wa yara kafin a buga, hayaƙin bai dame su ba. Tambayarsu ɗaya: ina ƙawar yarinyar, wadda ta tafi tare da maƙwabtan, ta kwana? Manya kuwa so suke a ƙare da sulhu, kowa ya rungumi kowa. Ni ban yarda ba, don yaron da ya ga rikici da idonsa ya san ba kowa ke dawowa ba. Muka ƙara shafi guda da ke nuna ƙawar lafiya lau a gidan kakarta, sannan muka sa 'yan tambayoyi a ƙarshe don iyayen da za su karanta wa 'ya'yansu.