Tashar Jirgin Ƙasa ta Antwerp, Gidan Marmara

Sayen motoci ne ya kai ni Beljiyam, amma tun da na dawo Kano ba abin da nake ba mutane labari sai tashar jirgin ƙasa. Daga Brussels na hau jirgi, ƙasa da awa guda muka shiga Antwerp, ya ajiye mu can ƙarƙashin ƙasa. Na bi matakala mai tafiya da kanta, hawa bayan hawa, ga jirage a ƙasa, ga wasu a sama da kaina, har na ɓullo cikin wata rumfar ƙarfe da gilashi mai tsawon mita 185.

Da na shiga babban zauren kuwa, sai na ajiye jaka na tsaya. Marmara ko'ina! Daɓe, bango, ginshiƙai, da wata faffaɗar matakala da ta rabu biyu. Duwatsun sun fi kala 20, akwai ja, akwai ruwan toka, akwai baƙi mai jijiyoyi farare. Na shafa wani ginshiƙi, sanyi ƙalau, sumul, ba tsaga. A sama ga ƙubba mai tsayin mita 75, ga agogo cikin adon ruwan zinare. Louis Delacenserie ne ya zana ginin, aka fara aiki a 1895, aka buɗe a 1905, zamanin Sarki Leopold na Biyu. Jin sunan nan ya sa jikina ya yi sanyi, don shi ne mutumin da aka yanke wa 'yan Kongo hannaye saboda robarsa. Kyan ginin bai mantar da ni wannan ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne riƙo. Roka ta lalata rumfar a Yaƙin Duniya na Biyu, suka gyara. Da jirage suka yi yawa ba su rushe ba, sai suka haƙa rami a ƙarƙashinta, aka gama a 2007, yanzu jirgin Amsterdam ta nan yake wucewa. Mu fa? Dogo ya iso Kano tun 1911, shekara shida kacal bayan buɗe wannan tasha. Duk wanda ya san halin da tsofaffin tashoshinmu suke ciki ya san abin da ke cin raina.

Tsada dai sai haƙuri, ban ɗaki ma sai ka biya. Wani dattijo ɗan Maroko mai shago kusa da layin masu lu'ulu'u ya ji na yi sallama, ya zaunar da ni, ya zuba mini shayi mai na'ana'a, ya hana ni taɓa aljihu. “Ɗan'uwa, kai baƙo ne,” in ji shi. Allah ya saka masa da alheri.

Sauran kwanakin a filayen motoci na yi su. Wani dillali ya yi mini tsawa don na nemi ragi, na bar masa kayansa. Na samu masu sauƙi a gaba, aka yi takardu, za su biyo jirgin ruwa zuwa Kwatano.