Godiya Ga Waɗanda Suka Tsaya Mini Ranar Da Obin Ya Kama Da Wuta

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdulillahi, an yi taro an tashi lafiya, baƙinmu na nesa duk sun kira sun ce sun sauka. Yau kwana uku ke nan, hannuna ya yi sauƙi har ina iya riƙe waya, shi ya sa na ce bari in rubuta wannan godiya tun abin da ɗuminsa. Da yawanku na gode muku a bakin ƙofa, amma a ruɗe nake a lokacin, ban san abin da na faɗa da wanda na bari ba.

'Yan'uwa na gida da suka ga hotuna suna ta tambaya wane biki ne. A nan Amurka, Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba ita ce Ranar Godiya, wadda suke kira Thanksgiving, bana kuma ta faɗo ran 28 ga wata. Shugaba Abraham Lincoln ne ya ayyana ta ga ƙasa baki ɗaya a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, a 1941 majalisa ta tsayar da ita a Alhamis ta huɗu. Ba mu ɗauke ta Idi ba, Idinmu biyu ne kuma mun san su. Muna taruwa ne don ita ce ranar da kusan kowa ke hutu. Tun 2015 makarantun gwamnati na birnin Niyok ke ba yara hutun Sallah, to amma iyayen fa? Ana saukowa daga Idi wannan ya kama tasi, waccan ta wuce asibiti, wancan ya nufi sito. Sai a shekara ba a zauna tabarma ɗaya ba.

Shekararmu 11 a unguwar Bronx ta birnin Niyok, kullum gidan Yaya muke zuwa a Filadelfiya, matarsa ce ke gasa talotalo. Bana da surukata Hajiya ta zo mana daga Zariya, sai na ce a bar mini taron, mutum 23. Na kuma ce kowa ya kawo abin da zai kawo, amma talotalo ni kaɗai zan yi. Yarana a nan aka haife su. Tun suna ƙanana suke dawowa daga makaranta da zanen talotalon da suka yi da tafin hannu, suna jin abokansu na ba da labarin na gidajensu. Na so su ga cewa uwarsu da ta iya tuwo da miyar kuka ta iya wannan ma. Sau biyu matar Yaya tana kira don ta gaya mini yadda ake yi, ina ce mata kada ta damu. Daga nan komai ya taso.

Na sayo shi a shagon halal, laba 18, wato kilo 8 da ɗan wani abu, a daskare kamar dutse. Sai daren Talata na fitar da shi daga firiza na sa a firji, don lissafin kaza na yi masa. Ashe kowace laba 4 zuwa 5 kwana guda take ci kafin ta saki, nawa kwana huɗu yake so, tun Lahadi ya kamata in fitar. Ƙarfe 12 na daren Laraba na taɓa shi na ji ƙanƙara. Na daɗe a tsaye da waya a hannu kafin in iya kiran matar Yaya.

Aunty, ke zan fara yi wa godiya. Na tashe ki daga barci, kuma har muka gama magana ba ki ce mini "ai na gaya miki" ba. Kin ce in bar shi a ledarsa, in nitsa shi cikin ruwan sanyi, ban da ruwan zafi ko kaɗan, a riƙa sauya ruwan duk rabin awa, kowace laba rabin awa, wato awa 9. Kin maimaita mini awa 9 ɗin har sau biyu. Allah Ya saka miki da alheri, Ya raya miki zuri'a.

Baban yara ya dawo daga aiki ƙarfe ɗaya na dare, ko takalmi bai gama cirewa ba ya karɓi aikin. Ya ce in je in kwanta. Shi ya zauna a kicin yana zubar da ruwa yana tara wani har aka kira asuba, bayan ya wuni ya kai dare a kan sitiyari. Ban gode masa a ranar ba, sai ma faɗa da na yi masa a kan kujeru. Maigida, ka yi haƙuri, na gode. Allah Ya ƙara buɗi, Ya tsare mana kai a kan hanya.

Ƙarfe 7 na safe na danna ƙirjin talotalo na ji ya yi laushi, sai na cire shi, awa 6 kacal. Na shafe shi da man shanu da yajin ƙuli irin na tsire, na ɗora a tiren alminiyam ɗin nan marar kauri da ake yarwa bayan an gama, na tura obin. Ƙa'ida a gasa shi a kan 325 na ma'aunin Faranhait, awa huɗu da 'yan mintoci. Da Yaya ya kira ya ce sun kamo hanya, sai na murɗa wutar zuwa 450 don in cim ma lokaci. Sauri ya haifi nawa. Ƙuli ba ya jure irin wannan wuta, ya ƙone ya yi baƙi. Wajen ƙarfe 12 na jawo tiren don in duba, ya lanƙwashe a hannuna saboda nauyi, man da ya taru ya kwarara ƙasan obin, wani ya zubo mini a bayan hannu. Kafin in ce innalillahi wuta ta tashi, ƙararrawar hayaƙi ta ɗauka, yara suka fashe da kuka.

Maƙwabciyarmu ta ƙofar da ke kallon tamu dattijuwa ce, baƙar fatar Amurka, iyayenta daga Karolina ta Kudu suka yi ƙaura zuwa Niyok tana yarinya. Shekaru muna gaisawa a matakala, ba ta taɓa shiga gidana ba sai ranar. Ta shigo da gudu ta same ni da kwanon ruwa zan watsa. Ta riƙe mini hannu gam, ta tura murfin obin ya rufe, ta kashe gas, ta ce kowa ya ja baya, a buɗe tagogi. Muna tsaye muna kallo ta gilashi wutar ta rasa iska ta mutu. Daga baya ta yi mini bayani: ruwa in ya faɗa cikin mai mai ci, tururi yake zama nan take ya watsa wutar ko'ina, kuma ni ce a gaba. Ta ce babu ranar da 'yan kwana-kwana ke samun gobarar girki a ƙasar nan kamar wannan rana. Gininmu hawa shida ne, cike da iyalai. Har yanzu in na tuna kwanon nan sai jikina ya yi sanyi.

Wani abin da ta yi ya fi tsaya mini a rai. Ta ce da ta ba ni obin ɗinta in ƙarasa, amma naman alade ne a ciki tun safe, ta san ba ma ci, ba za ta ɓoye mini ba. Sai ta koma ta ɗauko mini ma'aunin zafin nama, ta nuna mini inda ake soka shi a kaurin cinya ba tare da ya taɓa ƙashi ba, ta ce kada kowa ya ci sai ya nuna 165, wato 74 a ma'aunin da muka saba da shi a gida. Ba ta jin Hausa, amma yarinyata za ta fassara mata wannan kalma da kalma. Mama, na gode. Allah Ya ba ki lafiya da tsawon rai, Ya saka miki da mafificin alheri.

Ƙanwar maigida, wadda nas ce, ta iso ana cikin hayaniya ta tarar ana neman makilin a shafa mini. Ta hana. Ta kai hannun ƙarƙashin famfo, ruwa mai sanyi-sanyi, minti 20, ta cire mini zobe kafin yatsa ya kumbura, ta rufe da tsaftataccen bandeji. Mai kula da gininmu ma ya baro iyalinsa a kan abinci ya hau ya duba, ya ce kawunan murhun na sama ba su taɓu ba a yi girki da su, obin dai a bar shi. Na gode muku duka.

Da aka fito da talotalo, waje gawayi, ciki ɗanye, ma'auni ko kusa bai kai ba. Na zauna a ƙasan kicin na yi kuka, a gaban surukata, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidansu.

Hajiya ba ta taɓa ganin an gasa talotalo sukutum a obin ba, amma ragunan layya nawa suka bi ta hannunta a Zariya? Ta ajiye carbi, ta ɗaure zani, ta dubi tsuntsun ta juya shi, ta ce, "Tashi, 'yar nan, fata ce ta ƙone. Miƙo mini wuƙa." Ta saɓule baƙar fatar ta yar. Ta raba cinyoyi da fikafikai ta gaɓa, ta fitar da ƙirji biyu. A ciki ta ci karo da wuya da ƙullin hanta da ƙundu da zuciya waɗanda ban ma san ana cusawa ba, da sauran ƙanƙara a jikinsu. Ba ta ce komai ba, ta sa su gefe. Cinyoyi da fikafikai ta yanka ta tafasa da albasa, citta, kanumfari da masoro, ta tsane ta soya kamar naman Sallah, sannan ta barbaɗa yajin ƙulin a kai, inda ya kamata a sa shi tun farko. Ƙashin baya da wuya da ƙundu suka zama farfesu. Romon tafasar ta ba matar Yaya, wadda ta iso a daidai lokacin, ta ɗaure shi da fulawa ya zama miyar da ake zuba wa dankali. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, awa biyu a tsaye, da tsohuwar zuma ake magani. Hajiya, na san za a karanta muku wannan. Kun rufa mini asiri, Allah Ya rufa muku duniya da lahira, Ya ƙara lafiya da nisan kwana, Ya jiƙan Baba.

Ƙirjin biyu kuwa 'yar'uwarmu ta Zangon Kumasi da ke hawa na biyu ta sauka da su, ta fitar da nata girkin daga obin ta sa nawa. Ta dawo da su da ruwansu, ma'auni ya nuna 165, ta haɗo da wake da shinkafa da shito irin na Gana. Na gode, 'yar'uwa.

Ba a san uwa da yabon 'yar fari a bainar jama'a ba, amma yau zan keta. Tun safe yarinyar nan take karanto mini a waya cewa 325 ake sawa, kuma a samu tire mai ƙarfi, na daka mata tsawa na ce ba ita za ta koya mini girki ba. Da wuta ta tashi ita ta kwashe ƙannenta ta fita da su matakala ta buga ƙofar maƙwabciya. Shekararta 10. Ke kika yi gaskiya, ni na yi kuskure, ki yafe wa Mamanki. Allah Ya yi miki albarka.

Rana na faɗuwa da wuri yanzu, wajen huɗu da rabi muka yi magariba, sannan aka shimfiɗa leda a falo aka zauna. Ga waina da miyar taushe daga Goggo, ga dambun zogale daga ƙawata 'yar Damagaram, ga zoɓo da kunun aya, ga kek ɗin kabewa da yaran Yaya suka yi. Hajiya ta ɗanɗana jar miyar 'ya'yan itace mai tsami da ake ci da talotalo ta ce dangin zoɓo ce. Ɗan Yaya da ke jami'a ya ba ta labarin asalin ranar: Turawan Ingila da suka sauka a Plymouth, da mutanen Wampanoag, 'yan asalin ƙasar, da suka koya musu noman masara, da liyafar kaka da suka ci tare a 1621. Hajiya ta tambaya, "To ina masu masaukin suke yanzu?" Ya ce suna nan a jihar Massachusetts, inda garin Plymouth ɗin yake, amma yawancin ƙasarsu ta salwanta, kuma tun 1970 wasu 'yan asalin ƙasar ke taruwa a Plymouth a wannan rana don makoki. Falon ya yi shiru na ɗan lokaci. Na ji daɗi da yarana suka ji wannan a gida, daga bakin ɗan'uwansu.

Samarin da suka wanke kwanuka suka sauke shara, da waɗanda suka kwana biyu suna kira suna tambayar hannu, da 'yan'uwa na Zariya da Kano da suka yi ta addu'a, Allah Ya bar zumunci. Wanda na ɗaga wa murya a ranar, don Allah ya yafe mini.

An bar kula biyu, ja da fara, da babban faranti mai zanen fure, da hular yaro ta sanyi mai ruwan toka. Duk an wanke suna nan. Ina gida har Laraba saboda hannun, mai su ya biyo ya ɗauka, akwai sauran farfesu a firiza.